Shekarun da Amurka ta riƙa tuhumar zukatan 'ya'yanta

A 1948 aka kira wata ma'aikaciyar gwamnatin tarayyar Amurka mai suna Dorothy Bailey gaban kwamitin tantance biyayyar ma'aikata ga ƙasa. Ta shafe sama da shekara goma tana aikin gwamnati, kuma aikinta bai haɗa komai da sirrin ƙasa ba, domin a hukumar sama wa mutane aikin yi take. Aka ce mata wasu sun kai rahoto cewa 'yar jam'iyyar kwaminis ce. Ta musanta bisa rantsuwa, ta kawo shaidu da tarin takardun mutanen da suka san halinta. Babu mutum ɗaya da ya tsaya gabanta ya ba da shaida a kanta. Da aka nemi sanin su wane ne masu zargin, shugaban kwamitin ɗaukaka ƙara, Seth Richardson, ya faɗa da bakinsa cewa shi kansa bai san su ba, hukumar FBI ce dai ta ce abin dogaro ne. Cikin tambayoyin da aka yi mata har da wannan: ko ta taɓa rubuta wa ƙungiyar Red Cross wasiƙa a kan yadda take ware jinin baƙaƙen fata daga na fararen fata? Aka sallame ta daga aiki. Maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1951, alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, korar ta tabbata.

Lokacin da ake yi wa wannan baiwar Allah tambayoyin, kusan babu wanda ya san Sanata Joseph McCarthy a wajen jiharsa ta Wisconsin. Amma da sunansa ake kiran zamanin gaba ɗaya a yau, kamar shi kaɗai ya haddasa fitinar kuma da faɗuwarsa ta mutu. Wannan fahimta tana wanke mutane da yawa da bai kamata a wanke ba. McCarthy ya tarar da wuta tana ci ne ya zuba mata fetur. Waɗanda suka kunna ta mutane ne masu kamala a idon jama'a: shugaban ƙasa, shugaban FBI, alƙalai, shugabannin jami'o'i da masu kamfanoni. Kuma abin da suka yi mafi muni shi ne canza tambayar da hukuma ke yi wa ɗan ƙasa. A da ana tambaya, me ka aikata? Sai aka koma tambayar me ke cikin zuciyarka, da wa kake zama, wace jarida kake karantawa.

Dole a yi adalci tun daga farko: tsoron yana da tushe. Tarayyar Sobiyet ta dasa 'yan leƙen asiri cikin gwamnatin Amurka a shekarun 1930 da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da yawansu ta hannun jam'iyyar kwaminis ta Amurka aka same su. A watan Satumba na 1945 wani ma'aikacin ofishin jakadancin Sobiyet a Ottawa, Igor Gouzenko, ya tsere da takardun da suka tona asirin wata ƙungiya a Kanada. Kafin shekarar ta ƙare, Elizabeth Bentley, wadda ta daɗe tana kai-kawo da saƙonni tsakanin jami'an Washington da mutanen Mosko, ta kai kanta FBI ta zayyana sunaye. A Janairun 1950 Klaus Fuchs, masanin kimiyya ɗan asalin Jamus da ya yi aikin ƙera bam ɗin ƙare-dangi a Los Alamos, ya amsa wa hukumomin Birtaniya cewa ya miƙa wa Sobiyet sirrin. Duk wannan ya faɗo ne a daidai lokacin da duniya ke juya wa Amurka baya: a Agustan 1949 Sobiyet ta gwada nata bam ɗin, a Oktoba Mao Zedong ya kafa gwamnatin kwaminis a Sin, a Yunin 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana ganin babu na biyunta, cikin shekara biyar ta ga abubuwa suna suɓuce mata ɗaya bayan ɗaya. Bayanin da ya fi sauƙin haɗiya shi ne: da ɗan gari ake cin gari.

A 1995 gwamnatin Amurka ta saki takardun wani shiri na asiri da ake kira Venona, wanda tun 1943 yake ƙoƙarin warware saƙonnin sirrin Sobiyet. Takardun sun nuna cewa ɗaruruwan Amurkawa sun yi hulɗa da hukumomin leƙen asirin Mosko. Sun tabbatar da cewa Julius Rosenberg ɗan leƙen asiri ne, duk da shekarun da magoya bayansa suka yi suna rantsuwa cewa sharri aka yi masa. Game da matarsa Ethel, wadda aka kashe tare da shi a kujerar lantarki ranar 19 ga Yuni, 1953, hujjar ta fi rauni nesa ba kusa ba, kuma ƙaninta David Greenglass ya amsa daga baya cewa ƙarya ya yi a shaidar da ta kai ta ga halaka. Amma akwai wani abu da tarihin ya bayyana wanda masu kare McCarthy ba sa son a tsaya a kai. Tun bayan tonon sililin Bentley a 1945, Mosko ta rufe yawancin hanyoyinta a Amurka. Waɗanda aka kama da gaske, masu warware lambobin sirri da masu bincike a ɓoye ne suka gano su, ko kuma abokan aikinsu da suka tuba. Lokacin da aka shiga kururuwar farauta a bainar jama'a, yawancin ɓarayin sun riga sun tsallake katanga, sai aka koma dukan 'yan gida.

Siyasa ce ta buɗe ƙofar. A zaɓen majalisa na 1946 'yan Rifabulikan, waɗanda suka daɗe a wajen mulki tun zuwan Shugaba Franklin Roosevelt, sun lashe majalisun biyu, kuma cikin makamansu har da zargin cewa gwamnatin Dimokurat ta cika da jajaye, wato 'yan kwaminis. Shugaba Harry Truman ya ga in bai riga su ba za su cinye shi. Ranar 12 ga Maris, 1947, ya shaida wa majalisa cewa Amurka za ta tare kwaminisanci a Girka da Turkiyya da ko'ina. Kwana tara bayan haka ya sa hannu kan umarni mai lamba 9835, wanda ya ce a binciki biyayyar kowane ma'aikacin gwamnatin tarayya, daga babban jami'i har mai raba wasiƙu. Aka tantance miliyoyin mutane. Babban lauyan gwamnati ya fitar da jerin ƙungiyoyin da ya ce na zagon ƙasa ne, ba tare da an saurari ƙungiyoyin ba, kuma shiga ɗaya daga cikinsu, ko ba ta gudummawar dala ɗaya shekara goma da suka wuce, ya isa a buɗe wa mutum fayil. FBI, ƙarƙashin shugabanta J. Edgar Hoover, ta ƙi yarda ta bayyana masu kai mata rahoto, shi ya sa wanda ake zargi ba ya ganin fuskar mai zarginsa.

A 1951 aka ƙara tsananta ƙa'idar. Da farko sai an sami dalili mai ƙarfi na gaskata cewa mutum maci amana ne kafin a kore shi. Sabuwar ƙa'ida ta ce in dai akwai shakka a kan biyayyarsa, ya tafi. Mai karatu ya tsaya ya auna nauyin wannan. Wanda aka ce ya saci akuya yana iya kawo shaidar inda ya kwana a daren. Wanda aka ce ana shakkar zuciyarsa fa, wace shaida zai kawo? Duk abin da ya faɗa ana iya cewa ai haka ɗan kwaminis zai faɗa.

Su wane ne kuma waɗannan 'yan kwaminis ɗin? A ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 150, 'yan jam'iyyar ba su taɓa kai dubu ɗari a lokaci ɗaya ba. Amma waɗanda suka taɓa ratsa ta suka fita, ko suka halarci taronta, ko suka sa hannu a takardar kokenta, sun ninka haka sau da yawa. Shekarun 1930 shekarun baƙar yunwa ne a Amurka, bayan rushewar kasuwar hannun jari a 1929, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aiki. A lokacin 'yan kwaminis suna kan gaba wajen haɗa kan leburori, da adawa da Hitler, da kare baƙaƙen fata a kotunan Kudu. Lokacin yaƙi kuwa Stalin abokin ƙawancen Amurka ne, gwamnati da kanta take yabon sojojinsa. Abin da ya kasance halas a 1943 shi aka dawo ana hukunta mutane a kai a 1950. Jam'iyyar ita ma ba ta da bakin cewa an zalunce ta kawai. Tana karɓar kuɗi da umarni daga Mosko, ta juya baki cikin dare a 1939 lokacin da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler, ta rufe ido ga kashe-kashen da ake yi a Sobiyet, kuma al'adarta ta ɓoye sunayen membobi ita ta sa kowane zargi ya yi kama da gaskiya. Sai dai makantar siyasa daban, cin amanar ƙasa daban, kuma wannan bambancin ne aka share da gangan.

Yadda hukuncin ke sauka a kan mutum ya cancanci a duba da kyau, domin yawanci ba kotu ke yanke shi ba. Kwamitin Majalisar Wakilai mai binciken ayyukan da suka saɓa wa aƙidar Amurka, wanda aka fi sani da HUAC, ya kira mutanen masana'antar fim ta Hollywood a Oktoban 1947. Tambayarsa ɗaya ce da ta zama tambarin zamanin: kai ɗan jam'iyyar kwaminis ne yanzu, ko ka taɓa zama? Mutum goma, marubuta da daraktoci, suka ƙi amsawa, suka ce tsarin mulki ya ba su 'yancin ra'ayi. Aka ɗaure su bisa laifin raina majalisa. Wata guda bayan zaman, shugabannin kamfanonin fim suka haɗu a otal ɗin Waldorf-Astoria a New York suka sanar cewa ba za su sake ɗaukar ɗan kwaminis aiki ba. Daga nan tarkon ya kammala. In ka ce ba ka taɓa shiga ba, wani ya ce ya gan ka, an kama ka da rantsuwar ƙarya. In ka ce ka taɓa shiga amma ka fita, sai a ce to kawo sunayen waɗanda kuka zauna tare, alhali kwamitin ya riga ya san sunayen. Abin da ake so shi ne ka durƙusa a gaban jama'a ka sayar da abokanka. In ka fake da sashen tsarin mulki da ya ce ba a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa, ka tsira daga kurkuku, amma washegari takardar sallama na jiranka a ofis. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta tilasta wa shugabannin ƙwadago rantsuwar cewa su ba kwaminis ba ne. Jami'ar California ta kori malamai 31 a 1950 saboda sun ƙi sa hannu a irin wannan rantsuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa sama da mutum dubu goma ne suka rasa abin yinsu, ban da waɗanda ba a iya ƙirgawa, masu ƙona littattafansu a bayan gida da masu daina gaisawa da tsohon aboki.

Shari'ar Alger Hiss ce ta share wa McCarthy fage. Hiss babban jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje ne, ya raka Roosevelt taron Yalta na shugabannin ƙasashen ƙawance a 1945, shi ne sakataren taron San Francisco da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1948 Whittaker Chambers, tsohon ɗan kwaminis, ya zarge shi da miƙa takardun gwamnati. Wani matashin ɗan majalisa mai suna Richard Nixon ya riƙe maganar bai saki ba. A Janairun 1950 kotu ta sami Hiss da laifin rantsuwar ƙarya. Jama'a suka ce, in mutum irin wannan zai yi haka, wa ya rage?

Ƙasa da mako uku bayan hukuncin, ranar 9 ga Fabrairu, 1950, McCarthy ya tsaya gaban taron matan jam'iyyarsa a garin Wheeling na jihar West Virginia, ya ɗaga takarda ya ce yana riƙe da sunayen mutum 205 'yan kwaminis da ke aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje. Kafin 'yan kwanaki adadin ya koma 57. A zauren Majalisar Dattawa ya zama 81. Kwamitin da Sanata Millard Tydings ya jagoranta ya yi watanni yana bincike, ya ce zargin yaudara ce zalla. Sakamakon da Tydings ya samu shi ne faɗuwa zaɓe a Nuwamban shekarar, bayan an yaɗa wani hoton haɗi da ke nuna shi kamar yana sauraron tsohon shugaban jam'iyyar kwaminis, Earl Browder. Sauran sanatoci suka ɗauki darasi. Margaret Chase Smith ta jihar Maine, mace ɗaya tilo a majalisar a lokacin, ta miƙe ranar 1 ga Yuni, 1950, ta yi tir da siyasar ɓata suna, amma 'yan jam'iyyarta shida kacal suka mara mata baya. Jaridu kuma sun zama 'yan amshin shata ba da niyya ba: ƙa'idarsu ita ce duk abin da sanata ya faɗa labari ne, sai zargi ya hau shafin farko da manyan haruffa, musantawa ta zo bayan kwana biyu a can ciki, lokacin McCarthy ya riga ya jefo wani sabon suna.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne na Janar George Marshall, mutumin da ya tsara nasarar sojan Amurka a yaƙi, kuma shirin farfaɗo da Turai ke ɗauke da sunansa. A 1951 McCarthy ya sa shi cikin wata babbar maƙarƙashiya ta sayar da ƙasa. Janar Dwight Eisenhower, wanda Marshall ne ya ɗaga shi har ya zama abin da ya zama, ya shirya kare maigidansa a jawabin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa a Milwaukee ta jihar Wisconsin a 1952. Mashawarta suka ce za a rasa ƙuri'un Wisconsin, sai ya cire sakin layin. Janar ɗin da ya tura dakaru Normandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu ya kasa faɗin jimla uku saboda tsoron wani sanata.

Abin da ya fara karya lagon tsarin a idon talakawa ƙaramin labari ne. A 1953 rundunar sojan sama ta ce za ta tuɓe wani laftanar na ko-ta-kwana, Milo Radulovich, ɗalibi a Jami'ar Michigan. Ba a zarge shi da komai ba. Laifinsa shi ne mahaifinsa, wani tsohon baƙo daga yankin Yugoslabiya, yana karanta jaridar harshensu da ake ganin tana da jan launi, 'yar'uwarsa kuma tana zuwa zanga-zanga. Hujjojin suna cikin ambulan a rufe, ba a buɗe masa ba. Aka nuna masa cewa in ya nesanta kansa da su zai tsira, ya ce ba zai yi ba. Ɗan jarida Edward R. Murrow ya sa labarin a talabijin, mutane suka ga fuskar saurayin da ta tsohon, suka gane cewa wannan zai iya faɗa wa kowane gida. Cikin makonni aka mayar masa da muƙaminsa. A Maris na 1954 Murrow ya juya kyamara kan McCarthy kansa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma aka shafe kwana 36 ana nuna rigimarsa da rundunar soja kai tsaye, inda jama'a suka ga yadda yake katse mutane da yi musu tsawa. Ranar 9 ga Yuni, da ya kai hari kan wani matashin lauya da ba ya ma cikin zauren, lauyan soja Joseph Welch ya tambaye shi ko ba shi da sauran kunya ko kaɗan. Ranar 2 ga Disamba Majalisar Dattawa ta tsawatar masa da ƙuri'a 67 da 22. Ya mutu a 1957 yana da shekara 48, giya ta gama da shi. A lura da abin da aka hukunta shi a kai: cin mutuncin majalisa da 'yan'uwansa sanatoci. Dubban da aka raba da abincinsu ba su shiga cikin tuhumar ba.

Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu fiye da kowa, kuma a nan ne maganar ta taɓo Afirka kai tsaye. Tambayar da aka yi wa Dorothy Bailey a kan jini ba kuskure ba ne. A idon masu bincike da yawa, duk wanda ya damu da wariyar launin fata abin zargi ne, kuma 'yan siyasar Kudu sun samu sanda mai sauƙi ta dukan masu neman 'yanci. A 1950 aka ƙwace fasfon mawaƙi Paul Robeson, aka rufe masa zaurukan wasa, har sai 1958. Ƙungiyar da yake jagoranta mai goyon bayan 'yancin ƙasashen Afirka, wadda ke tara taimako ga masu yaƙi da wariya a Afirka ta Kudu, an sa ta cikin jerin 'yan zagon ƙasa, ta rushe a 1955. W. E. B. Du Bois, dattijon da ya shafe rabin ƙarni yana kiran haɗin kan Afirka, an gurfanar da shi a 1951 yana da shekara sama da tamanin saboda yaɗa takardar neman haramta makaman ƙare-dangi. Alƙali ya kori ƙarar, amma gwamnati ta riƙe fasfonsa, shi ya sa bai halarci bikin 'yancin kan Ghana a 1957 ba duk da gayyatar Kwame Nkrumah. A 1961 ya tattara ya koma Accra, a can ya rasu a 1963. A daidai shekarun da Afirka ke fafutukar fita daga hannun Turawan mulkin mallaka, an rufe bakin Amurkawan da suka fi kowa sanin ta da son ta.

Faɗuwar McCarthy ba ta rushe ginin ba. A shekarar da aka tsawatar masa ne aka janye izinin ganin sirrin ƙasa daga Robert Oppenheimer, jagoran ƙera bam ɗin farko, matakin da gwamnati ba ta soke ba sai a 2022. Kotun Ƙoli ta fara ja da baya a 1957, ta taƙaita ikon ɗaure mutum saboda ra'ayi kawai. Jerin ƙungiyoyin babban lauyan gwamnati ya rayu har 1974, kwamitin HUAC kuma, bayan sauya suna, har 1975.

Asarar da ta fi tsada ta faɗa kan Ma'aikatar Harkokin Waje. Akwai jami'ai irin su John Service da John Paton Davies, waɗanda aka haifa a Sin, suka iya harshen, suka rubuto wa Washington tun lokacin yaƙi cewa gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek ta ruɓe da rashawa kuma mutanen Mao ne za su yi nasara. Gaskiya suka faɗa, kuma aikin da aka tura su yi ke nan. Da abin ya tabbata sai aka ce su suka jawo shi. Aka kori Service a 1951, Davies a 1954 bayan an bincike shi sau da dama ba a sami komai ba. Waɗanda suka rage a ofis suka koyi cewa rahoton da bai yi wa manya daɗi ba yana iya cin aikin mutum. Shekara goma bayan haka, lokacin da Amurka ke shawarar tura dakaru Biyetnam, ƙwararrun Asiya da za su iya cewa a dakata yawancinsu ba sa nan. Shugaba Lyndon Johnson, wanda ke mulki a wannan lokacin, yana Majalisar Dattawa lokacin da aka yi wa Truman kaca-kaca da zargin ya zubar da Sin, kuma ya sha faɗa wa na kusa da shi cewa ba zai zama shugaban da za a ce a hannunsa Biyetnam ta tafi ba. A 1965 ya fara tura sojojin yaƙi, kafin ƙarshen 1968 sun haura rabin miliyan.